Ranar da Kwamfutata Ta Hana Manoma Taki

Akwai ranar da ko mutum ya roƙi Allah Ya mantar da shi, ba za ta bar shi ba. Tawa ita ce ranar rabon taki a Maikunkele, kusa da Minna. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini gemu, amma har gobe in na ga hoto yana jan ƙafa kafin ya buɗe a kwamfuta, sai in ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya. Wannan rana kam ni da mantawa da ita sai dai in an tura mini ƙasa a ido.

A ƙarshe-ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in abin ya faru. Ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune a unguwar Tudun Fulani da ke Minna cikin ɗakin haya ƙwaya ɗaya. A wancan zamani, duk wanda ya iya kunna kwamfuta ya kashe ta ba tare da ta yi hayaƙi ba, malami ne. Ni kuwa har umarni nake rubuta mata ta bi, abin da yanzu ake kira manhaja, mu a lokacin firogiram muke cewa. 'Yan unguwa suka laƙaba mini Injiniya. Ko fitilar ƙwai ban taɓa gyarawa ba, amma ban hana su ba. Hasali ma in wani ya kira ni da sunana na yanka, sai in yi kamar ban ji ba.

Akwai wata ƙungiyar manoma ta ƙauyukan da ke kewaye da Maikunkele, Musulmi da Kirista, masu doya da masara da dawa. Duk damina sukan samo takin zamani a raba wa 'yan ƙungiya. Abin da ke damunsu shi ne, wani sai ya zo ya karɓa da sunan wani, mai sunan na gaskiya ya iso a ce masa ai ya riga ya karɓa. Saboda haka kowane ɗan ƙungiya yana da fayil, an maƙala hoton fasfo ɗinsa a goshin takardar. Mai riƙe da waɗannan fayiloli wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, sakatariyar ƙungiyar, kowa Madam yake ce mata. Ta fi shekara goma sha biyar a kan teburin nan, ita da tsohuwar tafiretarta.

Sai aka ba ƙungiyar kyautar kwamfuta guda, haɗe da sikana, wato na'urar da ake kifa takarda a kanta ta kwafi hoton ta zuba a kwamfuta. Shugaban ƙungiyar, wanda muke kira Baba Ciyaman, tsohon malamin gona ne kuma abokin kawuna. Ya aika aka kira ni. Ya ce, "Ɗana, an ce ka san kan abin nan. Za ta iya nuna mana fuskar mutum in ya zo karɓar taki?"

Na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin alhaki ne. Za a buga sunan ƙauye kawai, kafin ƙiftawa da bisimilla fuskokin mutanen ƙauyen sun jeru."

Ya ce, "To, a dai fito da fuskar sosai, idona ba kamar da ba."

Na ce, "Baba, har gashin gira sai ka ƙirga."

Wannan alkawari na gashin gira shi ya kai ni ya baro.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani, don ya gane irin wautar da na tafka. Hoto a cikin kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kamar an jera ƙwayoyin gero, kowace ƙwaya da launinta. Sikana tana da wurin da mutum zai zaɓi yawan ɗigon da yake so. Ranar da na fara aiki, na gwada da hotuna biyar, nawa da na abokaina, a matsakaicin zaɓi. Na rubuta manhajar, ta jera su cikin ƙananan gidaje, kowane bai fi kwalin ashana ba. Ta yi gudu kamar barewa. Na yi wa kaina tafi. Daga nan sai na tuna alkawarin gashin gira, na murɗa sikanar nan har ƙarshenta, inda babu gaba, na shiga kwafe hotunan 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Mako uku ina wannan aiki. Kuma ban sake buɗe manhajar na gwada ta da hotunan gaske ba, ko sau ɗaya. Me zan gwada? Ai na riga na ga tana aiki.

Madam ta lura kowane hoto sai na jira tsawon shan kofin shayi kafin sikanar ta gama da shi. Wata rana ta ajiye bugun da take yi, ta ce da irin Hausarta, "Oga Injiniya, hoto ƙanƙani haka, me ya sa yana daɗe?"

Na ce, "Madam, abin inganci ai ba ya son gaggawa." Ban tsaya nan ba. Na nuna tarin fayilolinta da leɓe, na ce, "Waɗannan ma a ɗaure su a kai sito. Zamanin takarda ya wuce."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To." Ta ɗaure su kuwa, ƙauye-ƙauye, amma sito bai gan su ba. Ƙarƙashin teburinta ta tura su, ta rufe da zane.

Ranar rabo ta zo. An yi ruwa mai kyau sau uku, masara ta kai gwiwa, lokacin da take neman taki ke nan. Na ari kwat a wurin wani abokina, na ɗaure wuya da ɗan ƙyallen nan na Turawa, na hau acaɓa ina riƙe da jaka wadda babu komai a cikinta sai biro. Ko da na isa, filin ofishin ya cika. Maza da mata, wasu da kekuna, wasu da baro, wasu sun tako da ƙafa tun asuba. Babbar mota tana tsaye shaƙe da buhuna, direban ya ce lallai kafin magariba zai juya, abin da ya rage ya koma da shi. An fito da kwamfutar baranda an ɗora kan tebur, an tada janareta.

Baba Ciyaman ya gabatar da ni. Da na yi godiya na zauna, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na yi jawabi. Na gaya wa manoman nan cewa daga yau an daina bin layi a rana, abin da Madam take yi a wuni guda na'ura za ta yi kafin a sha ruwa a ajiye moɗa. Aka yi tafi. Na tuna har hannu na ɗaga musu kamar mai neman kujerar kansila.

Na farko a layi wani tsoho ne mai hula ja. Ya faɗi ƙauyensu, na buga, na danna. Ɗan hoton kwalbar yashi da ke nuna a jira ya fito a allon. Muka jira. Cikin kwamfutar ya fara ƙara, ƙurrr, ƙurrr, kamar ana gurza rogo. Muka ƙara jira. Mutane suka matso suna leƙe ta kafaɗata. Can sai gida na farko ya fara cika daga sama, sannu a hankali, layi bayan layi. Hula ja ta fito. Daga nan sai komai ya tsaya cak.

Tsohon ya sunkuya ya ƙura ido. Ya ce, "Hular dai tawa ce. Sauran nawa fa, yana hanya?"

Filin nan ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, irin wadda haƙora kawai suke yi. Na ce yanzun nan zai ƙaraso. Goshi ya fito, ido ya fito. Kafin a kai ga haɓarsa, wata mata ta gama shayar da ɗanta ta goya shi. Kuma wannan fuska ɗaya ce daga cikin goma sha biyu da shafin zai nuna. Ana kan ta huɗu sai kwamfutar ta fito da wani farin akwati da rubutun Turanci, ma'anarsa ƙwaƙwalwarta ta cika, ta kuma ƙi jin linzami, ta ƙi jin komai.

Baba Ciyaman ya raɗa mini, "Me ta ce?"

Na ce, "Zafi ne, Baba. Ba ta son zafi."

Aka kawo mahuci. Wani bawan Allah ya tsaya yana yi wa kwamfuta fifita, ni da ke jiƙe sharkaf a cikin kwat ɗin aro ba wanda ya tuna da ni. Na kashe na kunna. Ta sake yin yadda ta yi. Na ce janareta ne ba ya ba da wuta daidai, mai janareta ya rantse da abin da zai kashe shi lafiyarsa ƙalau. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi, sai na ce wataƙila ƙwayar cuta ce ta shige ta. Tsohon mai hula ja, wanda har yanzu yake tsaye, ya ja da baya taku biyu, ya ce, "Tana kama mutane?"

Sa'a biyu muka kwashe, mutum bakwai aka sallama. Dariya ta ƙare, gunaguni ya fara. Direba yana ta danna ham. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Na saci kallon Baba Ciyaman, na ga ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga, ba ya kallon kowa. Mutumin nan ya tsaya a gaban jama'arsa ya yabe ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Sai Madam ta miƙe. Ta shiga ofis, ta fito rungume da ɗaurin fayiloli, ta dire a kan teburin, ta ture allon kwamfutar gefe kamar mai kawar da kwanon da aka gama ci. Ta ce, "Oga Injiniya, shiga ka kawo sauran. Yana ƙarƙashin tebur." Haka na yi ta jigila, kwat da komai, ƙura ta yi mini fari fat. Ta lashi yatsa, ta fara. Mutum ya faɗi suna, ta zaro takarda, ta dubi hoto, ta dubi fuska, ta ce a ba shi. Rabinsu ma ba ta buƙatar hoton, ta san su, ta san iyayensu. Aikin Injiniya ya koma kiran suna da ƙarfi, shi ma sau biyu tana gyara mini yadda ake faɗa.

Ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma lokacin da na ɓata ba ya dawowa. Bayan la'asar ruwa ya sauko, aka ja tamfol aka rufe buhuna, rabo ya tsaya. Waɗanda suka rage a layi su ne mutanen ƙauyuka mafi nisa, don su ne suka iso a makare. Aka ce su dawo bayan mako guda in mota ta sake zuwa. Ina laɓe a baranda sai wata mata ta matso, ta kai sa'ar mahaifiyata, tana naɗe buhun da ta zo da shi babu komai a ciki. Na zaci zagi za ta yi, har na shirya sha. Sai ta ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma masarata ta fara ja. Mako guda a wurinka ba komai ba ne, a wurinta kuwa da yawa." Ta sa buhun a ka, ta shiga cikin ruwan ta tafi. Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Baba Ciyaman bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Mako guda gare ka. In ba za ta yi ba, ka faɗa mini tun da wuri, ba a gaban jama'a ba."

Washegari na dawo ba kwat. Na zauna gaban kwamfutar na zuba tagumi. Madam ta ciro hoton fasfo guda daga wani fayil, ta zo ta manna shi a jikin allon, daidai gefen ɗan gidan da fuska take fitowa. Ta ce, "Wannan da wannan, wane ya fi girma?"

Na ce, "Kusan ɗaya suke."

Ta ce, "To me yake ɗauka mai nauyi haka?"

Na buɗe baki don in yi mata bayani irin na masu ilimi. Na ce ai hoton da ke ciki ƙato ne, in da za a shimfiɗa shi sai ya rufe bangon nan. A kan faifan ajiyar kwamfuta a matse yake, kamar katifar soso da aka naɗe aka ɗaure, amma da an buɗe shi sai ya kumbura ya cika ƙwaƙwalwar kwamfutar. To sai manhajar ta ɗauko shi gaba ɗaya, ta shimfiɗa, sannan ta rage shi ya dawo kamar kwalin ashana, ta zubar da sauran. Sannan ta ɗauko na biyu ba tare da ta sauke na farko ba. Ina cikin magana na ji muryata tana raguwa da kanta, domin a karo na farko na ji abin da nake faɗa.

Madam ta ce, "Kullum haka zai yi? Duk mutum da ya zo?"

Na ce, "E."

Ta ce, "Hm," ta koma kan tafiretarta. Wannan "hm" ɗin ya fi duk jarrabawar da na taɓa faɗuwa ciwo.

Na duƙufa. Dabarar da ta fara zo mini mai sauƙi ce: maimakon a karanta duk ɗigon, a ɗauki ɗaya a tsallake goma sha, a ɗauki ɗaya a tsallake goma sha, a ajiye ɗan abin da aka tsinta. Na gwada a kan ƙauye guda. Fuskoki goma sha biyu suka fito tar, nan take. Kun san hali, wai an ce zanen dutse ne. Nan da nan tsohon Injiniya ya farfaɗo. Na ƙwala wa Madam kira, na ce ta zo ta ga aiki.

Ta zo, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan fuskoki biyu da ke jere, wa da ƙane ne. Ta ce, "Wane ne babba a nan?" Na duba, na kasa bambancewa. Ta ciro hotunansu na takarda. Babban yana da tsaga siririya a kumatun hagu, ƙaramin ba shi da ita. A cikin tsallake-tsallakena na tsallake tsagar ɗungurungum. Ta ce in buɗe na Baba Ciyaman. Tabaransa sun kakkarye, hular saƙinsa ta koma kamar an watsa mata tsaba, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Ta ce, "In ya ga wannan, kai da kawunka duka za ku gudu daga Minna." Ranar ce na fara jin dariyarta, kuma ni ma na taya ta, wannan karon har ciki.

Wato na gudu daga nauyi na faɗa cikin ɓarna, alhali dalilin aikin gaba ɗaya shi ne a gane fuska. Sai na koma na yi abin da ya kamata tun farko. Maimakon a tsinci ɗigo ɗaya a watsar da maƙwabtansa, sai a haɗa su duka a gauraya launinsu a fitar da matsakaici, ta yadda ko siririn layi ne zai bar alamarsa. Wannan ya fi cin lokaci, amma sau ɗaya za a yi shi. Na rubuta wata 'yar manhaja daban wadda take bin manyan hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kowane kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa ba tare da ta shimfiɗa shi duka ba, ta fitar da ƙarami na jerawa da matsakaici na dubawa da kyau, ta ajiye su, ta sauke wannan kafin ta ɗauki na gaba. Wuni biyu cur kwamfutar tana wannan gurzar. Ita kuma babbar manhajar na hana ta taɓa manyan hotunan sam. Ƙananan kawai take ɗaukowa, su ma na shafin da ake kallo, in an juya shafi ta saki na baya. In ana shakkar wani, a danna fuskarsa matsakaicin ya fito.

Sannan na yi abin da girman kai ya hana ni a da. Na roƙi Madam ta gwada ni. Ta riƙa kiran ƙauye da suna ba tsari, ita tana nema a takarda, ni ina nema a kwamfuta. Sau biyu ta riga ni, saboda na rubuta sunan wani ƙauye ba daidai ba. Muka gyara. Ta sa na buɗe kowane ƙauye, tana bin fuskokin da yatsa tana gwadawa da na takarda. Da muka zo kan 'yan'uwan nan biyu, tsagar tana nan, siririya amma ana ganinta. Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ban taɓa samun takardar shaidar da ta kai wannan gyaɗa kan daraja a wurina ba.

Ranar da mota ta dawo, na zo da 'yar shara ta yau da kullum, ban yi jawabi ba. Ni na ce a ajiye fayilolin a kan tebur kusa da Madam, ko da wani abu zai faru. Aka fara da mutanen nesa. A faɗi ƙauye, fuskoki su fito, Madam ta dubi allo ta dubi mutum, a ba shi buhunsa. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya leƙo ta kafaɗata. Kowa ta takinsa yake yi, yana sauri ya koma gona. Kafin azahar an gama. Matar nan mai masara ta zo ta karɓi nata, na gaishe ta har ƙasa, na tambaye ta gona. Ta ce, "Da sauran rai," ta ɗora buhu ta wuce. Har yau ban san ko ta girbi abin da ya kamata ta girba a shekarar ba, kuma wannan rashin sani bai daina damuna ba.

Baba Ciyaman ya zo wucewa, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yau dai an yi aiki." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya fi abin da na cancanta.

Na ci gaba da wannan sana'a shekaru da yawa, kwamfutoci sun ƙara ƙarfi, hotuna su ma sun ƙara girma, matsalar tana nan inda take. Abin da ranar nan ta koya mini kaɗan ne amma ya riƙe ni. Kada in ɗora wa na'ura kayan da ba za a yi amfani da shi ba, kuma in zan rage kaya in san abin da nake zubarwa. Kada in ce abu yana aiki sai na gwada shi da kayan gaske, a gaban wanda ya san aikin kafin a haife ni. Mafi girma kuma, in kwamfuta tana jan ƙafa, ita ba ta da asarar komai. Akwai mutum a tsaye a bayanta wanda ya baro aikinsa yana jira, kuma daga cikin ranarsa ake yankar kowane minti.